Alkasum Mai Kunne, Da Bakina Na Sanar Da Rasuwarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah muke, gare Shi muke komawa, kuma ba Ya shawara da kowa a kan ranar.

Ranar Talata, 16 ga watan Afrilu 1985, cikin kwanakin ƙarshe na watan Azumin Tsofaffi, Allah Ya karɓi ran Malam Alkasum Habu, wanda Damagaram ta fi sani da Mai Kunne, mai ɗaukar murya a gidan rediyonmu na Zinder. Ya rasu a hanyar Takeita, gaba kaɗan da Tirmini, yana da shekara arba'in da ɗaya. Yau kwana bakwai ke nan. Sau uku ina zama in rubuta wannan takarda ina tashi, don duk lokacin da na rubuta "marigayi" kusa da sunansa sai in ga kamar ƙarya nake yi masa.

Alkasum, bari in yi magana da kai kai tsaye, kamar yadda muka saba ta cikin gilashin situdiyo shekara goma sha huɗu, kai a gaban maɓallai, ni a gaban mikro.

Ka san ni ke karanta sanarwar ƙarfe ɗaya na rana idan mai ita ba ya nan. Ka san yadda takardun suke zuwa a cakuɗe: ɓatan raƙumi, kiran taro, ranar rabon dawa, rasuwa. Ka kuma san na hukuma da Faransanci suke zuwa, ni kuma ina mayar da su Hausa nan take, idona a kan layi, bakina yana bi. Na daɗe ina yin haka har bakina ya saba riga hankalina. A ranar nan, ina tsakiyar karatu, Baba Tanimu mai gadin ƙofa ya shigo a hankali ya ajiye mani wata takarda mai hatimin jandarma. An ce masa ta gaggawa ce. Baba Tanimu bai iya karatun boko ba, da ya san abin da ya ɗauko da ya gwammace hannunsa ya karye.

Na ɗauka na fara. An yi haɗarin babbar mota kamyo mai ɗauke da buhunan dawa a hanyar Takeita da safiyar yau. Mutum huɗu sun riga mu gidan gaskiya. Ana neman danginsu su zo asibiti. Na karanta suna na farko. Na karanta na biyu. Na karanta na uku, an rubuta shi da irin rubutun Faransawa, an ce haifaffen Zermu, mai gyaran rediyo. Sai da sunan ya gama fita daga bakina ya shiga iska ya tafi inda ba a iya kamo shi, sannan kunnena ya ji abin da na faɗa.

Na ɗaga kai na dubi gilashi. Suma'ila ne a kujerarka, abokin aikinka da ka koya wa sana'a. Ya miƙe tsaye, kaske, abin sauraren da ake sawa a kunne, na rataye a wuyansa, bakinsa a buɗe, ya manta da maɓallin da zai rufe mikro. An ce mani daga baya duk wanda ya kunna rediyo a lokacin ya ji shiru mai tsawo, sannan ya ji wani yana cewa, "A'a. A'a, ba shi ba ne." An ce ni ne. Wallahi ban tuna ba. Har yau ban san wa ya karanta suna na huɗu ba, kuma ina roƙon iyalan wannan bawan Allah su yafe mani.

Da safiyar ranar na gan ka. Tare za mu tafi Garagumsa. Motar aiki tana garaji, ka ce ba za ka sake ɗage tafiyar ba, don ka aika wa mutane cewa Talata za ka zo, kuma mai jin yunwa ba a saɓa masa alkawari sau biyu. Ka samo mana wuri a kamyon agaji. Ina shirin hawa aka zo aka ce mai sanarwar rana yana kwance da zazzaɓi, dole in tsaya. Ka rataya manyeto, na'urar ɗaukar murya, a kafaɗa, ka ɗauki jakar bobin, naɗin zaren da ake ɗaukar murya a kai, ka kira ni da sunan da 'yan makaranta ke kiran malami da Faransanci, ka ce, "To Mushe, sai na dawo. Ka ce wa Suma'ila ya goge kan na'ura da auduga kafin ya kunna, jiya na ji ƙura a muryarka." Maganarka ta ƙarshe da ni ke nan. Ban ma amsa sosai ba. Hannu kawai na ɗaga maka, ina duba takardu.

Yaron motar da ya tsira ya ce tayar gaba ce ta fashe a gangare, kamyon ya kife, buhuna suka zubo a kan waɗanda ke baya. Katin ɗan ƙasa da aka samu a aljihunka tsoho ne, tun na zamanin da kake kasuwa, shi ya sa jandarmomi ba su san ma'aikacinmu ba ne. Sai da yamma aka tono manyeton a ƙarƙashin dawa. An kawo mana jakarka da bobin uku a ciki, babu komai a kansu. Mutanen Garagumsa sun zauna a gindin gawo suna jiran ka har la'asar, kowa da saƙonsa a baki.

Masu karatu da ba su san ka ba za su ce mene ne aikin mai ɗaukar murya da har ake wannan dogon zance. Su muryarmu suke ji, mu masu magana, mu ake gaisarwa a hanya. Ba su san cewa abin da ke isa kunnensu ya bi ta hannun wani ba. To ga wanda ya bi ta hannunsa.

Ɗan manoma ne kai daga Zermu, allo ka yi, ba ka taka lakwal, makarantar boko, ba ko na yini ɗaya. Ka shigo Zinder da ƙuruciya ka zauna wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwar Dole, har ka fi shi. A 1971, shekarar da na bar koyarwa na shigo gidan rediyo, na same ka lebura, kana naɗe wayoyi kana ɗaukar kaya a bayan wani Bafaranshe da ke kula da na'urori. Ba ka cika magana ba. Amma na lura duk abin da hannunsa ya taɓa idonka na kai. Da ya tashi komawa ƙasarsu bayan shekara biyu, ya bar littattafai uku a cikin akwatin ƙarfe: wani ƙato mai jan bango a kan yadda sauti yake da yadda yake tafiya, wani kore a kan ire-iren mikro da inda ake kafa su, da wani siriri da ya zo tare da manyeto, mai zanen cikinsa. Duka da Faransanci. Masu takardar shaida a cikinmu babu wanda ya buɗe su.

Wata rana bayan la'asar ka same ni a gindin dogon yaro da ke tsakar gidan, ka ajiye mai jan bangon a kan cinyata. Ka ce, "Mushe, kai Allah Ya ba ka ido, ni Ya ba ni kunne. Ka ara mani idonka." Tun daga ranar ba ka daina kirana Mushe ba, ko da yake rabona da alli ya daɗe.

Shekara biyu muka yi a gindin wannan itace. Ni in karanta jimla in juya ta Hausa, kai ka rubuta da ajami a kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Zan faɗi gaskiya yau tunda ba ka nan balle ka yi mani dariya: rabin abin da nake fassarawa ban gane shi ba. Kalmomi nake ɗauka daga wannan gaɓa in ajiye a waccan. Kai ne kake ganewa. Na tuna ranar da muka kai babin da ke cewa sauti yana dukan bango ya dawo ya haɗu da ɗan'uwansa, wani wuri su ƙaru wani wuri su cinye juna. Na ce maka wannan dai surutun Turawa ne. Ba ka yi musu ba. Ka ce in sa takalmi. Muka tafi har cikin duwatsun unguwar Birni, ka tsayar da ni tsakanin manya biyu, ka tafa hannu sau ɗaya. Na ji tafin ya dawo. Ka matsar da ni taku biyar, ka sake tafawa, sai na ji kamar an tafa cikin zane. Ka ce, "Ga babin nan. Mu koma mu ci gaba."

Ba ka kuma karɓi duk abin da littafi ya ce ido rufe ba. Kakan ce wanda ya rubuta shi a ƙasar sanyi yake, bai san bazarar Damagaram ba. Littafi ya ce a jera bobin a kan katako. Ka gwada, zafi ya sa zaren ya manne da juna. Sai ka je wurin masu ginin tukwane ka sa aka yi maka randuna masu faɗin baki, ka binne su rabi cikin rairayi a ɗakin da rana ba ta duka, ka zuba bobin a ciki ka rufe da faifai. Baƙi daga Yamai sun yi dariya da suka gani. Da suka saurari zaren shekara goma ya fito garau, sai suka tambayi sunan maginiyar.

Kaye biyar ka cika. A cikinsu ka raɗa wa abubuwa sunayen da har yau da su muke aiki. Idan allurar na'ura ta shiga ja, kakan ce murya ta ƙone, kuma abin da ya ƙone a tukunya ba ya gyaruwa a akushi. Ƙarar da ke kwance a ƙarƙashin magana kakan kira ta tsakuwar tuwo. Duk wanda ya zo koyon aiki wurinka, ko yana da takardar babbar makaranta, ba ya taɓa maɓalli sai ya gama mai jan bango, sannan kore, sannan siririn. Idan ya gama sai ka ce saura na huɗu, wanda ba a buga shi ba. Ka kai shi kasuwar Dole ranar Alhamis, ka zaunar da shi, ka ce ya rufe ido ya faɗa maka abin da yake ji, na kusa da na nesa, na dama da na hagu. Suma'ila ya ce ranar farko abu shida ya lissafa. Kai ka lissafa masa ashirin da uku, har da wata mai fura da ludayinta ya tsage.

Ba zan ce ba ka da wuyar sha'ani ba, don ba ka son a yi maka ƙarya da ranka, balle yanzu. Kana da taurin kai. Ka taɓa tsayar da wani babban mutum a tsakiyar jawabi, gaban jama'arsa, ka ce shaddar rigarsa tana ƙara, ya daina motsa hannu ko ya tuɓe ta sama. Muka daskare. Mutumin ya dube ka, ya dube mu, ya tuɓe. Ni kuwa babu makon da ba ka danna maɓallin magana ka ce, "Mushe, ja baya kaɗan. Kana yi wa mikro ban ruwa a garin da mutane ke layin famfo." Nakan ji haushi. Mun taɓa yin kwana huɗu ba ma gaisawa a kan wani shiri da ka sa na maimaita sau shida saboda zakara.

Amma ba don waɗannan Damagaram ta cika maƙabarta ranar Talata ba. Don abin da ka yi ne tun da damina ta ƙi bara.

Kowa ya ga yadda aka yi. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe a tsaye. Dabbobi suka faɗi. Kafin sanyi ya shiga, ƙauyuka sun fara watsewa: maza sun yi kudu neman abin da za su aiko, mata da tsofaffi sun gangaro bakin gari sun kafa bukkokin kara da tsumma. Miji bai san inda mata take ba, uwa ba ta san inda ɗa ya nufa ba. Takardun cigiya suka yi mana yawa, muna karantawa har murya ta dushe. Kai ne ka shiga biro wurin shugabanni ka ce a daina karantawa kawai. Ka ce sunan Inusa ɗaya ne da na Inusa dubu, amma muryar matar mutum ɗaya ce tak, ko a cikin barci ya ji ta zai farka. A bar mutane su yi cigiya da bakinsu. Daga nan ka fara yawo da manyeto a kafaɗa, bukka bukka, ƙauye ƙauye, ni ina biye da kai ina tambayar suna da gari.

Ba zan manta da Hajjo ba, wata mata 'yar wajen Garagumsa da muka samu a bukkokin yamma da gari. Wata bakwai rabonta da labarin mijinta Inusa. Ka kafa mikro ta fara magana, allura ko motsi ba ta yi ba. Yunwa ta cinye muryar. Ni na ce ta ɗaga murya. Ta yi ƙoƙari, sai tari ya sarƙe ta. Ka kashe na'ura. Ka kwance ƙullin garin da Wasila matarka ta ɗaura maka na rana, ka dama a kwanon shanka, ka miƙa mata, ka juya baya kana gyaran wayar da ba ta lalace ba don kada ta ji kunyar sha. Muka zauna kusan awa guda. Sannan ka matso da mikro dab da bakinta, ka tare iska da jikinka, ka ce, "Baiwar Allah, kada ki wahalar da kanki. Ki faɗa yadda za ki faɗa masa in yana zaune nan. Ɗaga murya aikina ne." Ta yi magana ƙasa ƙasa, ta faɗi inda suke, ta ce yaran biyu suna nan da rai, ƙaramar ce Allah Ya karɓa. Da aka sa a rediyo, har numfashinta ana ji. Bayan kwana goma sha ɗaya wani mutum ya zo ƙofar gidan rediyo da ƙafafu a kumbure, ashe Inusa ne. A wata tasha can wajen Daura ya ji, a rediyon mai shayi. Bai tambayi mai sanarwa ba. Cewa ya yi a nuna masa wanda ya riƙe abin maganar.

Sai kuma ranar da muka je ƙauyen Gouna. Iska take kaɗawa tun safe, ko'ina ka kafa mikro sai huu kake ji. Mun gwada zaure, mun gwada bayan danga, abin ya ƙi. Wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Ladi tana zaune tana kallon wahalarmu. Can ta ce, "Ku shiga rumbu mana, 'ya'yana. Ai babu kowa a ciki." Ta faɗe shi kamar mai ba da aron tabarma. Na ga fuskarka a lokacin. Sannan ka cire takalmi, ka hau, ka leƙa, ka tafa hannu a hankali, ka ce a ba ka zannuwa biyu a rataya don bangon yana amsawa. A cikin rumbun da ya kamata a ce yana cike da damman gero muka ɗauki saƙon mutum goma sha tara, ɗaya bayan ɗaya suna hawa suna sauka. A hanyar dawowa ka ce mani ba ka taɓa samun ɗaki mai kyawun sauti irin wannan ba, kuma kana roƙon Allah kada Ya sake ba ka irinsa.

Da sababbin bobin suka daina zuwa, aka ba da umurni a goge tsofaffi a sake ɗauka a kansu. Ba mugunta ba ce, babu yadda za a yi ne. Ka bi umurni a kan jawabai da rahotannin taro, har da shirye-shiryena, ba ka ko tambaye ni ba. Amma akwai randa ɗaya da ka ce sai dai a kore ka. A cikinta akwai waƙoƙin niƙa da na daɓe da kiɗan gayya da ka ɗauko a ƙauyuka tun shekarunka na farko a wannan aiki. Ka ce wasu daga garuruwan nan yanzu kango ne, matan da suka yi waƙar sun mutu ko sun watse, idan aka goge shi ke nan, kamar ba a taɓa yin su ba. Aka ce to da me za ka yi aiki? Ka kwaso guntayen zaren da muke yankewa muna zubarwa, ka zauna da reza da abin liƙi kana haɗa su gaɓa gaɓa. Mako biyu ka yi ka fitar da bobin bakwai. Uku daga cikinsu ne ka tafi da su Garagumsa.

An yi maka sutura bayan la'asar a ranar. Na ga mutanen da ban san su ba, masu tsummokara, sun taso daga bukkoki da ƙafa, sun tsaya a sahun baya. Na riƙe makara amma ban ji nauyinta ba. Abu ɗaya ne ke yawo a kaina: Wasila ba ta rabuwa da rediyo da rana. Kai ka gyara mata shi, ka ja masa waya har madafa.

Kwana biyu na kasa shiga gidanka. Ina zama a waje wurin karɓar gaisuwa tare da wanka Illa da ya zo daga Zermu, idan aka ce in shiga in ce sai an jima. Ranar sadakar uku ita ta aiko a kira ni. Na tsaya daga bakin ƙofa, tana bayan labule. Na yi mata gaisuwa, sannan na ce ta yafe mani, da na san abin da ke cikin takardar da na haɗiye harshena.

Ta ce, "Malam Idirisu, ina tankaɗe na ji. Da farko na ce mai irin sunan ne. Da na ji ka yi shiru, sai na ajiye rariya." Ta ɗan tsaya. "Ko ba kai ba wani zai faɗa. Gara da ya zama wanda ya san shi. Babu komai tsakaninmu sai alheri."

Sai ta ce tana da roƙo ɗaya. Lawali, autanku, shekararsa biyu, ba zai tuna ka ba. Tana so a ba ta kaset ɗaya mai muryar maigidan, ko gajere ne, ta ajiye masa.

Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana ɗaukar murya? Na koma na gaya wa Suma'ila, muka buɗe randuna. Alkasum, yini uku muka yi muna saurare. Mun ji sarakuna da malamai, mun ji makaɗa da 'yan kokawa, mun ji mata masu cigiya, mun ji ni kaina har na gaji da jin kaina. Kai babu. Ashe duk inda ka yi magana a farkon ɗauka, kana dawowa kake sa reza ka yanke, don a wurinka muryar mai ɗauka datti ce a cikin aiki. Mun zauna da kai shekara da shekaru ba mu lura ba.

Jiya da hantsi, a bobin da ka ɗauko a makonka na ƙarshe ba ka kai ga gyarawa ba, muka samu. Wani tsoho ne yake cigiyar ɗansa, ya fara kuka ya kasa ci gaba. Sai aka ji muryarka daga gefe, nesa da mikro, kana cewa, "Baba, sha ruwa tukuna. Ba sauri muke ba." Iyakarta ke nan. Suma'ila ya mayar da zaren baya sau ɗaya, sannan ya fita waje. Na kwafe a kaset na kai wa Wasila da la'asar. Ta sa a rediyonta ta saurara, 'ya'yanka Amina da Ramlatu suna jingine da ita. Ta ce, "Shi ne." Ta cire kaset ɗin ta ƙulle a bakin zanenta.

Kayenka biyar suna hannuna. Ni da Suma'ila mun yi niyyar mayar da su boko ba tare da mun taɓa kalma ɗaya ba, da sunanka a kai, don duk ɗan ƙasar nan da ke son koyon wannan sana'a ya same ta da harshen uwarsa. Kuma an gyara motar aiki. Ranar Talata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu je Garagumsa mu ɗauko saƙon mutanen nan. Ba za mu iya kamar kai ba, amma za mu je.

Ya Allah, ga bawanKa Alkasum ɗan Habu ya zo gare Ka ba shiri, a kan hanyar taimakon bayinKa. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Yadda ya sada mata da miji, uwa da ɗa, Ka sada shi da Manzon rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka jiƙan mutum ukun da suka tafi tare da shi, da duk waɗanda wannan fari ya ɗauke ba a san sunansu ba. Ka dube mu da idon rahama, Ka saukar mana da damina mai albarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Inna Jummai a Zermu, wadda ta binne ɗan da take zaton shi zai binne ta. Ga wansa Malam Illa da sauran dangi. Ga matarsa Wasila da 'ya'yansa Amina, Ramlatu da Lawali. Ga abokan aikinsa. Da mutanen bukkokin bakin gari, waɗanda su ma nasu ne ya tafi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Allah Ya jiƙanka, Mai Kunne. Allah Ya sa ka huta.

Idirisu Abba
Zinder, 23 ga Afrilu 1985